Layi Uku da Na Aika wa Wayar Saude

Na ji abin da ya faru a bikin 'yar ƙanena bara, ko da yake ba wanda ya so in ji. An ce Malama Saude ta taso tun daga ƙasar Gwaram a bayan babur, ta shigo tana ta gaishe-gaishe, da ta zo kanki, Aisha, kika amsa mata a daƙile kika juya baya. An ce Nura ma da ya hango ta a ƙofar gida sai ya tsiri amsa waya. Ban ga laifinku sosai ba, domin abin da kuka taso kuna ji ke nan: wai ita Saude, ma'aikaciyar lafiya, ita ce ta yi kuskure, aka ɗora wa babanku, ya rasa aikinsa. Ban san wanda ya fara ƙulla wannan zance ba. Na dai san wanda ya yi shekara da shekaru yana jin sa bai ƙaryata ba, saboda yana yi masa daɗi, kuma shi ne yake riƙe da biron nan. Yau zan faɗa muku yadda aka yi tun hannuna yana iya rubutu. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya bugo min waya yana cewa Baba ai abin ya wuce.

Kun san ni malamin lissafi ne, na daɗe ina shaƙar alli a nan Birnin Kudu, kuma kun san halina: in na ce amsa kaza ce, to kaza ce, ko da littafi ya ce wani abu dabam. Ummanku, Allah Ya jiƙanta, takan ce da za a sassaƙa turmi da kaina, har jikoki sai sun yi daka a ciki. Kwamfuta kuwa da girmana na koye ta. An kawo wa makarantarmu wasu tsofaffi aka kulle a ɗaki, kowa yana tsoron taɓawa kada su lalace a hannunsa, ni kuma na karɓi makullin. Daga buga takardun jarrabawa na koma rubuta 'yan umarni ina ganin na'ura tana bi, daga nan abin ya shiga jinina. Bayan na yi ritaya, wata ƙungiya mai raba wa ƙananan yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro duk damina ta nemi wanda zai kula mata da manhajar wayoyin ma'aikatanta a wannan yanki, aka ce ai ga Malam Isyaku nan yana zaune. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, don ban ga komai daga gare ta ba sai alheri. A majalisarmu aka daina ce min Malam aka koma Injiniya. Ina cewa a bari, a bari, amma kunnena yana jiran a sake faɗa.

Sai na ɗan bayyana muku aikin, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na yi ba. Ma'aikaciya tana bi gida-gida da waya a hannu. Za ta rubuta sunan yaro da watanninsa, wayar ta nuna mata katin maganin da za ta ba shi: ƙaramin kati ga wanda bai shekara ba, babban kati ga wanda ya wuce. An kafa musu doka cewa abin da waya ta nuna shi za a bayar, ba a yarda da kintace da ido ba. Babbar kwamfutar da ke tara komai, wadda masu aikin ke kira uwar garke, tana can Kano a wani ɗaki mai sanyi da ban taɓa shiga ba. Tsakaninta da wayoyin saƙo ne ke kai da komowa, a wani tsarin rubutu da ake kira JSON, mu kuwa muna cewa Jeson kamar sunan wani baƙo. An yi wannan tsari ne don ɗaukar bayani kawai, suna a gurbinsa, adadi a gurbinsa. Bayani ba ya aikata komai, karanta shi ake yi. Umarnin da ke gaya wa waya ta ninka wannan, ta raba wancan, ta nuna kaza, yana zaune ne a cikin manhajar, kuma ba a canza shi sai an sake sauke manhajar gaba ɗaya. A Kano wannan ba wani abu ba ne. A ƙauyukan bayan Basirka da Fagam kuwa, inda sai mutum ya hau dutse ya ɗaga waya sama kafin netwok ya ɗan leƙo, ba ya yiwuwa. Sai dai a tattaro wayoyin a kwali a kawo Birnin Kudu, ma'aikata su yi kwanaki suna zaune ba aiki.

A nan dabarata ta shigo, kuma na daɗe ina alfahari da ita. Na buɗe wani gurbi a cikin saƙon Jeson, na riƙa rubuta umarni a ciki kamar rubutu na yau da kullum, sannan na koya wa manhajar cewa duk abin da ta tarar a wannan gurbin, kada ta tsaya karantawa, ta aikata shi. Layi uku ko huɗu ba su da nauyi, netwok mai rauni ma yana ɗaukar su. Ina zaune a ofis zan canza lissafi, ma'aikaciya ta hau dutse ko ta shigo kasuwa, wayarta ta zuƙo sabon umarni ita ba ta ma sani ba. Duk inda na karanta an yi gargaɗi a kan wannan hanya. An ce wayar da aka koya wa biyayya irin wannan ba ta tambaya, duk abin da ya zo daga sama za ta yi, mai kyau da marar kyau. Na karanta na ce wannan ai matsalar mutanen birni ce masu fama da ɓarayin intanet, mu nan wa zai damu da mu. Akwai kuma abu na biyu da ban ɗauke shi komai ba a lokacin: idan sabon umarni ya zo, sai ya hau kan tsohon ya shafe shi, wayar ba ta ajiye abin da aka gaya mata jiya.

Saude ɗalibata ce. Na koyar da ita lissafi tana 'yar siririya, tana zama a layin gaba, ba ta magana sai an tambaye ta, in kuma an tambaye ta amsar daidai take. Ta yi karatun aikin lafiya, aure ya kai ta wani ƙauye bayan Fagam, ta zama ita ce idon garin wajen haihuwa da ciwon yara. Duk ma'aikatan nan ita kaɗai ce ba ta taɓa ce min Injiniya ba. In ta shigo ofis, da girmanta da 'ya'yanta, sai ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ina cewa tashi, tashi, ba ta tashi sai ta gama. Farkon daminar shekarar da abin ya faru, bayan an tashi daga wani taron ma'aikata, ta same ni a baranda.

"Malam, ina da wata 'yar matsala, ban sani ba ko da yadda za a yi."

"Faɗi mana, Saude. In lissafi ne ai kin zo gida."

"Wallahi matan namu ba su san wata ba. Ka ce wa mace watan yaron nan nawa, sai ta yi ta kallonka. Amma ka ce mata damina nawa, kafin ka rufe baki ta ba ka amsa. Ni kuma sai in tsaya ina ƙirga da yatsu, rana tana yi, ga gidaje a gaba."

"Shi ke nan matsalar? Jibi ki hau dutsenku ki kunna wayar."

Ta yi dariya ta yi godiya ta tafi. Ni kuwa na koma teburina ina jin kaina. Na rubuta layi uku: a tambayi damina, a ninka da goma sha biyu, a mai da shi watanni. Ban gaya wa shugabanmu Alhaji Garba ba, ban nuna wa kowa ba. Na ce bari in gwada a wayar Saude ita kaɗai, in ya yi kyau sai in fito da shi a taro kowa ya sha mamaki. Ko minti goma aikin bai ɗauke ni ba. Abin da ya sha min kai shi ne abin da kowace tsohuwa a ƙasar nan ta sani: mace ba ta ƙirga damina kamar yadda ake ƙirga shekara a makaranta. Yaron da aka haifa ana ruwan ƙarshe, gero yana shirin shiga rumbu, wannan ita ce daminarsa ta fari. Da ruwa ya sake sauka, uwarsa za ta ce maka damina biyu ke nan, kuma gaskiya ta faɗa, alhali ko shekara bai cika ba. Ni da aka haifa a gidan manoma, na zauna a ɗaki mai fanka na ninka biyu da goma sha biyu.

Yaron sunansa Auwalu, watansa goma, ɓulɓul da shi kamar ya shekara da rabi. Uwarsa ta ce damina biyu, Saude ta danna biyu, wayar ta nuna babban kati. Bayan ya sha ya kama amai, ya ƙi nono, jikinsa ya saki. Aka ɗauko shi a babur zuwa Gwaram, daga can aka wuto da shi babban asibitin garinmu. Da hantsi labarin ya iso ofis. Ina jin an ce ɗan wata goma ne aka ba shi babban kati a ƙauyen su Saude, tun kafin in buɗe kwamfuta na ga kuskuren a cikin kaina, layi na biyu. Nan take na cire layukan na aika sabon saƙo. Wannan kam daidai na yi, don kada a ƙara ba wani yaro. Amma ina danna aikawa na san abin da na yi na biyu. Da zarar wayar Saude ta shaƙi netwok, tambayar damina za ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. A uwar garke kuma abin da ya shiga shi ne amsar lissafin kawai, wata ashirin da huɗu, tamkar ita ce ta rubuta da hannunta. Allah Ya taimaka yaron ya farfaɗo, bayan kwana uku aka sallame su.

Aka kira Saude ofis. Wayarta ta zuƙo sabon saƙon tun a hanya, a tashar Gwaram. Muna zaune mu biyar, ita tana tsaye, sai da aka ce ta zauna sau biyu. Ta gaishe da kowa, ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, na amsa ina kallon takardun gabana.

"Malama Saude," in ji Alhaji Garba, "yaron nan watansa goma. Abin da ya shigo mana daga wayarki ashirin da huɗu ne. Me ya faru?"

"Ranka ya daɗe, abin da wayar ta nuna min shi na bayar."

Ya karɓi wayar ya juya ta, sannan ya dube ni.

"Malam Isyaku, kai ka san cikin abin nan. Tana iya nuna babban kati ga ɗan wata goma?"

"Ga ta nan a hannunka, Alhaji. Gwada ka gani."

Ya danna goma, ta nuna ƙaramin kati. Ya sake, ta sake. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya gwada. A lokacin ne Saude ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce, ba kuma roƙo ba. Irin kallon da take min ne a aji idan na yi kuskure a allo, tana jira in lura da kaina. Kalma ɗaya za ta faɗa, ta ce Malam ka tuna maganar damina, shi ke nan asirina ya tonu. Ta jira ni, ban ce komai ba. Sai ta sunkuyar da kai. Aka tambaye ta ko tana da abin cewa, ta ce babu. Aka dakatar da ita, aka karɓe wayar da jakar magani, ta fita hannu rabbana. Aisha, wannan ita ce matar da kika juya wa baya.

Na riƙa gaya wa kaina cewa ai ban yi ƙarya ba, cewa kawai na yi a gwada. Wallahi na yi ƙarya, kuma irin wadda ta fi muni, wadda mai ilimi ke yi yana lissafa kalmominsa. Labari ya riƙa zuwa daga ƙauyen ta bakin sauran ma'aikata. An ce mata sun daina sallama a gidan Saude. An ce wata mai naƙuda ta gwammace a kai ta Fagam a amalanke da a kira ta. An ce a bakin rijiya ana cewa boko ya sa mata girman kai har ta daina duba abin da take bai wa 'ya'yan mutane. Matar da ta yi shekaru tana karɓar haihuwar garin, cikin mako ɗaya sunanta ya zube. Ni kuwa ina zuwa ofis, ana ce min Injiniya ina amsawa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro, tsoron kada a san tsohon malamin lissafi ya faɗi a ninkawa. Kullum tsoron ne yake rinjaye.

Ranar kwana na bakwai da dakatar da ita, bayan la'asar, ina zaune a tsakar gida da carbi, Ummanku tana tsinkar zogale a faifai. Ku kuna makaranta a lokacin, gidan ba kowa sai mu biyu da kaji.

"Malam, kwana nawa ke nan tuwona yana komawa yadda ya fito. Ko hannuna ne ya canza, ko kai ne ka ƙoshi da wani abu."

Na ce ba komai. Ta ce to, ta ci gaba da tsinka. Ummanku ba ta matsa wa mutum, shiru take yi ta bar shi da shirun har ya gaji. Ban kai ƙarshen carbin ba na fara magana, na faɗa mata komai, har da Jeson da uwar garke, waɗanda na san ba su dame ta ba. Da na zo kan ninkawa sai ta tsaya ta dube ni.

"Damina biyu ka mai da shekara biyu? Haba Malam. Nura fa? Ba ana ruwan ƙarshe na haife shi ba? Da ruwa ya dawo ba Innarka ce ke cewa daminarsa biyu ba, alhali ko tsayuwa bai fara ba? A gabanka aka yi."

"Na manta."

"To, mantuwa ce, kowa yana yi. Yaro kuma Allah Ya tashe shi. Wannan ban ji komai ba. Amma ka ce ta dube ka?"

"Ta dube ni."

"Ta ce me?"

"Ba ta ce komai ba."

Ta ajiye faifan a ƙasa a hankali. Kaji suka yo kansa, ba ta ko kore su ba.

"Yarinyar nan da ke durƙusa maka har ƙasa. Ina jin ka kwanan nan kana ta istigfari, na ce ko lafiya. To Allah Ya ji ka. Saura ita."

"Za su sallame ni daga aikin."

"Su sallame ka mana. Ni malamin makaranta na aura mai keke ɗaya, ban auri Injiniya ba. In ka dawo gida ka zauna, zan iya da kai, na saba. Amma wannan mutumin da ke zaune a nan kwana bakwai, ban san shi ba, kuma ba na son in saba da shi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki faifanta ta kori kajin ta shiga madafi. A zamanmu duka ban taɓa jin ina son ta kamar wannan yammacin ba, kuma ban faɗa mata ba, don mutanen zamaninmu ba ma faɗa. Ina faɗa muku yanzu ku riƙe mata.

Washegari na shiga ofishin Alhaji Garba da littafina. Tsohuwar ɗabi'ar malami ce ta kama ni: ban taɓa buga umarni a kwamfuta ba sai na fara rubuta shi da biro a littafin rubutu, da kwanan wata a sama. Na buɗe masa shafin. Na ɗauko wata waya da ba a amfani da ita, na mai da layukan uku, na ce ya danna biyu. Ya danna, babban kati ya fito. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya cire tabarau ya murza idanu.

"Malam, kuskuren nan zan iya kare ka a kansa. Aikawa ba da izini ba ma zan iya cewa kyakkyawar niyya ce. Amma ranar nan, a ɗakin nan, da na tambaye ka..."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban taimake shi ba. Ya ce in rubuta takardar ajiye aiki da hannuna, wannan ce iyakar suturar da zai iya yi min, kuma na gode masa har yau. Ya sa aka buga takardar mai da Saude bakin aiki, na roƙe shi ya bar ni in kai da kaina, tare da wayarta da jakarta. Daga baya na ji an turo mutane daga Kano sun toshe gurbin nan nawa. Suka mai da saƙon ya zama bayani kawai kamar yadda aka yi shi tun asali, duk wani canjin lissafi sai mutum biyu sun duba, wayar kuma tana ajiye abin da aka gaya mata da ranar da aka gaya mata. Abin ya yi min zafi da na ji, amma sun fi ni gaskiya. Ni dai na miƙa kwamfutar ofis na dawo gida. Safiya ta riƙa yi min tsawo, na yi watanni ban leƙa majalisa ba, da na koma kuma na tarar na sake zama Malam, ba wanda ya ce min don me. Masu tambayar Ummanku sai ta ce musu ya gaji ne. Ina jin daga wannan rufin asirin nata ne mutane suka ƙara nasu, har ya iso kunnenku a juye.

Amma kafin duk wannan, ranar kwana na tara, na kama hanya da sassafe. Ummanku ta ƙulla min sabulu da 'yar riga ta ce in kai wa yaron. Na hau bas zuwa Gwaram, na ɗauki ɗan acaɓa zuwa Fagam, daga nan muka saki titi muka bi ta cikin gonaki. Gero ya kai kafaɗa, ko'ina kore shar, hanya duk taɓo. A wani rafi sai da na sauka na naɗe wando na ɗora jakar magani a ka, mai babur yana turawa yana tambayata ko ni likita ne. Na ce a'a, ni ne dai wanda ya sa aka nemi likita. Bai gane ba, ya yi dariya don ladabi. Mun isa ana kiran azahar. Bayan an idar na nemi mai unguwa na ce ina da magana da jama'a, kuma ina son mata su ji. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, maza suka zauna, ina jin motsin mata da kukan goyo a bayan katanga. Na miƙe tsaye na ɗaga murya irin ta aji. Na faɗi sunana da na mahaifina. Na ce ni na gaya wa wayar abin da za ta nuna, ni na yi kuskuren ƙirga damina, Saude ta bi doka ne kawai. Na ce da aka tambaye ni a gabanta na ɓoye, ita kuma ta rufa min asiri don ni malaminta ne. Sai wata tsohuwa ta yi magana daga bayan katanga, daga baya aka ce min kakar Auwalu ce.

"Wai kai ne malamin lissafin da ake faɗa? Yo ni ko akuyata na san daminarta da watanta. Allah Ya sawwaƙe, ashe karatun ma yana da nasa ciwon."

Aka yi dariya, ni ma na yi, don ta fi ni gaskiya. Uban yaron, wani dogon mutum mai sanyin magana, ya karɓi ƙullin Ummanku da hannu biyu.

"Malam, yaro ya tashi, Allah Ya tsare gaba. Mu mun yafe. Amma ba mu aka zaga ba. Ga gidan can, mai bishiyar darbejiya."

Mijin Saude ya shigar da ni zaure ya shimfiɗa min tabarma, ya shiga ciki ya kira ta, sannan ya fita ya tsaya a ƙofa. Ta fito da kwanon ruwa. Ta rame, har ƙashin wuyanta ya fito. Ta ajiye ruwan ta durƙusa har ƙasa ta fara gaisuwa, ya hanya, ya Hajiya, ya yara, ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na jira ta gama. Na tura mata jakar da wayar da takardar. Ta karanta a hankali, ta ninke, ta ɗora a cinya.

"Saude, na cuce ki. Ki yafe min."

"Wallahi na yafe, Malam. Ni ma ina da nawa. Da na ɗauki yaron nan, hannuna ya gaya min bai shekara ba. Na dubi yaro, na dubi waya, na bi waya. Wannan ba zan ƙara ba."

"Me ya hana ki faɗa ranar nan? Kalma ɗaya, da kin wanke kanki."

"Haba Malam. Ni zan ƙaryata ka a gaban mutane? Da wane bakin? Ai na san za ka zo. Har maigidana da ya ce zai je Birnin Kudu ya yi magana, na ce masa ya bari, Malam zai zo da kansa."

Ta sa gefen mayafi ta share ido, ta ɗan yi murmushi tana kallon tabarma.

"Ban dai zaci zai kai kwana tara ba."